Dakali Huɗu na Ma'azu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalan gidansa da sahabbansa.

Ni ne Ilu ɗan Malam Tankari, mutumin Fagge, wanda neman abinci ya zaunar a Guangzhou. Ina rubuta wannan da hannuna a watan Muharram na 1419, wato Mayun 1998, cikin hankalina, ba wanda ya tsaya a kaina, ba wanda ya riƙe mini alƙalami. Jiki ne ya ƙi, kai kuwa garau yake. Ina so a lura da wannan, domin labari ya zo mini cewa ana faɗa a bayan idona wai ciwo ya fara taɓa mini tunani. Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, kuma Muhammadu ManzonSa ne. Shaiduna biyu ne: Ussif mai lodin kaya, mutumin Kumasi, da Munkaila maƙwabcin ofishina a benen Tianxiu. Harouna ba ya ciki. Da gangan na cire shi, kuma za ku ji dalili.

Zuwa ga 'ya'yana: Umar Faruƙ a Kano, Zulaiha a Maraɗi, da Abdulƙadir da ke nan tare da ni. A karanta a gaban mahaifiyarku Jumai, kada a tsallake mata ko layi ɗaya da sunan ana tausaya mata. Ta fi ku ƙarfin zuciya ku duka.

Likitan nan ya ce hanta ce. Yana faɗa yana murmushi, ni kuwa tun ina yaro ban yarda da mai ba da mugun labari yana murmushi ba. Ya yi ta tambayata ko ina shan giya, in ce a'a, ya rubuta, gobe ya sake tambaya kamar ya manta. Ni Ilu, da ko ƙanshinta ba na iya tsayawa kusa da shi! Da na tambaye shi magani sai ya girgiza kai ya ce meyo, kalmar da masu shago ke faɗa in kaya ya ƙare. To, na gane. Alhamdu lillahi.

Na ɗaya. In ta Allah ta kasance, a binne ni a nan, a maƙabartar Musulmin garin nan. Kada wanda ya wahalar da gawata a jirgi don a ce an kawo Alhaji gida. Ƙasa duk ta Allah ce. Munkaila ya san limamin da zai yi mini salla. Akwai azumin bara da ciwo ya hana ni ramawa, a ciyar a madadinsa.

Na biyu. Shagon Kantin Kwari, da gidan Fagge, da ofishin nan, da abin da ke cikin sito, a raba yadda Allah Ya ce, a gaban alƙali, ba a gaban kawunnai ba. Ba ni da abin ƙarawa a kan rabon Allah. Wandunan jins ɗin da ke ɗaure da jan igiya a sito ba namu ba ne, na Hajiya Ayishatu ne ta unguwar Nima, ajiya ta ba ni, Ussif ya saka mata a kwantena ta gaba. Agogona na Umar Faruƙ ne, na riga na ba shi tun ina da lafiya, kada a sa shi a rabo.

Na uku, kuma saboda shi na zauna rubutun nan, sauran duk da baki ma da na faɗa. Akwai wata gona da sunana ke kan takardarta amma ba tawa ba ce, ba ta cikin gado, ko ganye ɗaya ba ku da shi a ciki. Gonar baffanku Ma'azu ce, Allah Ya jiƙansa, kuma ta 'yarsa Najiba ce.

Kun san baffanku ya tafi Italiya karatun aikin ruwa kuna ƙanana, ya auri 'yar can, ya ƙi dawowa. Abin da ba ku sani ba shi ne irin wurin, don ni kaɗai na taka ƙafata can. Wani ɗan kwari ne a tsakanin duwatsun ƙanƙara, a can arewa inda mutanen ke jin Faransanci. Ba fili ko na shimfiɗa tabarma biyu. Sai suka sassare jikin dutsen hawa-hawa, suka tare kowane hawa da katangar duwatsu wadda ba siminti, suka zuba ƙasa. Ni dakali nake kiran su, don faɗin kowanne bai fi dakalin ƙofar gida da yawa ba. A kansu suke shuka inabi. Ma'azu ya sayi huɗu na can ƙololuwa, waɗanda kowa ya guje wa saboda wahalar hawa, ya gyara katangunsu da hannunsa.

Ba zan yi muku kwana-kwana ba. Inabin nan giya ake yi da shi, jar giya, wadda aka ce ta yi suna a ƙasarsu. Ma'azu yana sayar wa ƙungiyar manoman ƙauyen, su suke matsewa. Mun yi shekaru muna faɗa a kan wannan, ni da shi, a waya da a baki. Ya rantse mini bai taɓa kai ta bakinsa ba. Na je gidansa na bi kofunansa ina shinshinawa ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye yana dariya, ban ji komai ba. Wataƙila gaskiya ya faɗa, wataƙila ya iya wanke kofi. Wannan ya rage tsakaninsa da Ubangijinsa, kuma ina roƙa masa gafara kullum. Abin da na sani shi ne ko kwabo na gonar nan bai taɓa shiga tukunyar gidanmu ba. Abin da ta kawo, hannun kakar yarinyar ta wajen uwa yake zuwa, a ci a yi makaranta.

Matarsa ta riga shi rasuwa. Da ciwonsa ya yi tsanani ya kira ni na je. 'Yan'uwan matar ne ke da dakalan da ke ƙasa da nasa, kuma ya daɗe da ganin inda idonsu yake, shi ya sa ya kai ni wurin lauya aka sa ni mai riƙo. Ya kama hannuna ya ce: "Yaya, ka riƙe mata har ta isa riƙewa. In ta girma ta ga dama ta tumɓuke, in ta ga dama ta bari. Amma kada kowa ya yanke mata." Na ce na ɗauka. Najiba yanzu shekararta goma sha shida, saura biyu ta karɓi abinta, ni kuwa ba zan kai ba. Wannan shi ne abin da ke hana ni barci, ba ciwon ba.

Na huɗu, kai Umar Faruƙ. Na san ra'ayinka, ka rubuto ka kuma aiko: a tura a sare kurangar inabin duka, a huta da haram. Ban ce niyyarka mugunta ce ba. Na tambayi malamai a Kano, na tambaya a nan, kowa da abin da ya ce, amma ban sami ko ɗaya da ya ce mini halal ne a shiga dukiyar marainiya da gatari ba. Kuma ina tambayarka, wane hakki busasshen inabi ya ɗauka? Yarinyar nan ta shanya inabi da hannunta, ta ɗaure da 'yar wasiƙarta ta Hausar da ubanta ya koya mata, ta aika wa 'ya'yanka tsaraba, kai kuma ka mayar mata da ƙullin ko kwancewa ba ka yi ba. Zabibi ne fa, irin wanda kake saya a Makka kana rabo. Da na ji, kwana na yi ina jin kunyar Ma'azu. Kana so ta yi salla, ta san addinin ubanta, ka fara da rufe mata ƙofa? Ka rubuta mata ka ba ta haƙuri. Wannan umarni ne, ba shawara ba.

Na biyar. Yanzu ku saurara da kyau, domin nan ne ake so a yi muku wayo.

Harouna mutumin Damagaram ne, ofishinsa na ƙasa da nawa, mun ci abinci a kwano ɗaya shekara da shekaru. Saboda yana jin Faransanci, shi ne tafintana duk lokacin da zan yi waya da kakar Najiba ko lauyan can. Tun bara na fara lura da wani abu: tsohuwar za ta yi magana doguwa, muryarta na rawa, shi kuwa ya juyo ya ce wai tana gaisuwa. Gaisuwar me ce haka mai tsawo? Na zuba ido.

Sai ga shi bayan Babbar Salla ya dawo daga Turai, wai ya je ganin injuna, wai hanya ta biyo da shi ta ƙauyen, alhali ƙauyen nan ba hanyar ko'ina ba ne, mota ma a nan take juyawa. Ya kawo hotuna. Abdulƙadir ne ya shigo mini da su har ɗaki. Na san an aika wa Umar Faruƙ da Zulaiha irinsu. Me ke ciki? Kututtura baƙaƙe a jere, ba ganye ko ɗaya, ƙasa tsirara, ga tarin ƙasa a gindin katanga kamar an yi zaizaya. Aka ce mini gona ta mutu, cuta ta cinye ta, dutse na zubewa, gara a sayar tun ana samun mai saye, kuma cikin ikon Allah akwai wani mutumin Hong Kong mai tausayi da zai karɓa.

Duk ɗan Kano da ya ga hotunan nan zai ce gona ta mutu, domin mu a wurinmu itacen da ba ganye, ya yi baƙi, ya ƙanƙance, na murhu ne. Ni ma haka na ce zuwana na farko. Da sanyi na je, na hau ina haki, na ga kututturan nan, na ce wa Ma'azu Turawa sun cuce shi sun sayar masa da itacen girki. Ya yi dariya har ya zauna a kan katanga. Ashe haka kurangar take yi duk shekara: ta zubar da ganye da sanyi, su bi ta da almakashi su aske ta tas, sannan su lanƙwasa reshen da suka bari su ɗaure shi a jikin sanda da wata ɗanyar tsumagiya rawaya da suke yankowa a bakin rafi. Da na koma lokacin jinyarsa, ban gane wurin ba don kore, nonnan inabi na reto baƙi wuluk.

Saboda haka na sa tabarau na duba hotunan Harouna. Kowane kututture ɗaure yake, ɗaurin sabo, rawaya shar, ko bushewa bai yi ba. Wa zai hau dutsen nan da sanyi ya bi mataccen itace yana ɗaurewa ɗaya bayan ɗaya? Tarin ƙasar nan kuma ba zaizaya ba ce. Ruwa da narkewar ƙanƙara suna wanko ƙasa zuwa ƙasa duk shekara, sai a ƙarshen sanyi kowane gida su tara ta, su zuba a kwando, su goya a baya su mayar da ita sama. Haka na ga suna yi, maza da mata. Wanda ya ɗauki hoton nan ya tarar da gona ana tsakiyar yi mata aiki, ya kawo wa mutanen da ya san ba su san kan abin ba. Na cire tabarau. Na mayar wa Abdulƙadir hotunan na ce zan yi tunani.

Na shida. Me Harouna zai yi da dakali huɗu a saman dutse? Na daɗe ina juya wannan, sai Allah Ya nuna mini ba tare da na nema ba.

Ku da ke gida ba ku ga abin da ke faruwa a garin nan ba. Shekara biyun nan mutanen nan sun haukace a kan jar giya, wai tana gyara zuciya. Kowane gidan cin abinci ka leƙa, kwalba ce ja a kan tebur, suna sirka ta da lemon kwalba suna kwankwaɗa. Wadda aka ce daga Turai take kuwa, ba a tambayar kuɗinta. Ni da na yi shekaru ina sayen jins a Xintang na san yadda ake yi: wando ɗaya, ɗinki ɗaya, lebul ne ke mayar da shi ɗan Amurka.

Fitata ta ƙarshe kafin in kwanta, na je wurin mai buga mana lebul. Ya tare ni da shayi, yana lauban, lauban, wato maigida, ya jawo wani samfur yana alfahari, wai abokina Harouna ne ya ba da aiki, dubbai za a buga. Lebul ɗin kwalba ne. A jikinsa hoton wata 'yar bukkar dutse ce a saman dakalai, kuma a saman ƙofarta ga dagi, dagin nan namu na Arewa. Ma'azu ne ya sassaƙa shi da hannunsa, ina tsaye. Duk duwatsun Turai babu bukka ta biyu mai dagi. 

Kun ga lissafin ke nan. A karɓi gonar a banza, a sami takardar da ke cewa akwai gona, a kawo ganga biyu don ido, sauran a cika a wani lungu a nan da abin da Allah kaɗai Ya sani, a manna bukkar ƙanena a kai. Marainiya ta rasa gadonta, sunan ubanta kuma ya yi ta yawo a teburan mashaya.

Hoton bukkar nan ba ya cikin waɗanda Harouna ya kawo. Tsohon hoto ne, lokacin zafinsu aka ɗauke shi, akwai ganye. Ni na ɗauka da kyamarata, guda ɗaya ne a duniya, yana cikin aljihun teburin ɗakina. Da na dawo gida na buɗe aljihun, babu shi. Mutum biyu ke da makullin ɗakin nan: ni da Abdulƙadir.

Na bakwai. Riƙon gonar ya koma hannun Zulaiha. Na riga na aika wa lauyan can ta hannun wani tafinta da ba ya cin abinci da kowa a Tianxiu. Na zaɓe ta ne don zaman Maraɗi ya ba ta Faransanci, ba ta bukatar kowa a tsakani, kuma don ita kaɗai ce a cikinku da ta ga hotunan ta bugo ta tambaye ni yadda Najiba take, ba nawa za a saya ba. Zulaiha, kada ki sa hannu a komai. Kada ki sayar, kada ki ba da haya, kada ki ba da aron suna, ko da an zo miki da kuka ko da aya. Kawunnan yarinyar na wajen uwa ma ki sa musu ido, ban tabbata ba su da hannu a zuwan Harouna ba, don wani ne ya nuna masa hanyar hawa. Mijinki mutumin kirki ne, amma shi ma ɗan kasuwa ne, kada ki bar takardar a inda zai gani. Ranar da Najiba ta cika sha takwas ki damƙa mata, ki gaya mata abin da addininmu ya ce a kan giya, da taushi, sau ɗaya, sannan ki bar ta da zaɓinta kamar yadda ubanta ya roƙa.

Harouna kuwa, kada a yi faɗa da shi, kada a kai shi ko'ina. In ya zo gaisuwa a karɓa, a ba shi ruwa. Amma kada ya ƙara fassara wa gidana ko da sallama ce.

Na takwas, kai Abdulƙadir. Kai ka yi jinyata. Kai ka ɗauke ni a bayanka ka sauko da ni bene ranar da lif ta lalace, kai kake wanke ni, ban manta ba kuma Allah ba Ya mantawa. Shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Na lura kana yin shiru in na shigo kana waya. Na lura ka san dakalan huɗu ne, alhali ban taɓa gaya maka adadinsu ba. Na tambaye ka hoton, ka ce wataƙila mai shara ce, kana kallon ƙasa. Ban sake tambaya ba, domin ina tsoron ka rantse.

Ban ce ka yi ba. Zato ne, kuma na san wani zaton zunubi ne. Mai yiwuwa Harouna ya ce maka aro yake so, ka ba shi da zuciya ɗaya, yanzu kunya ta hana ka faɗa. Mai yiwuwa an yi maka alkawarin kaso. Zan mutu ban sani ba, kuma wallahi wannan ya fi mini ciwon hanta zafi. In na zalunce ka, ka yafe wa mahaifinka.

Ga abin da nake so. Tun rasuwar Ma'azu, yarinyar nan da tsohuwar kakarta ke goya ƙasa suna hawa dutse, a ƙauyen da kowane gida ke fito da mazansa ranar aikin, alhali tana da yayye maza biyu. In ƙarshen sanyi ya zo, ka bar ofis a hannun Munkaila, ka tafi. Ka ɗauki kwando ka goya, ka mayar da ƙasar dakalan nan huɗu sama tare da ita, a gaban kawunnanta, su san tana da dangi. In hoton yana hannunka ko ka san inda yake, ka kai mata abinta. Ba sai ka yi wa kowa bayani ba.

Ku riƙe mahaifiyarku. Ku riƙe salla. Kada wannan takarda ta zama abin gori a tsakaninku. Duk wanda ya tayar wa Abdulƙadir da maganar nan bayan an karanta, ban yafe ba. Ku zauna tsintsiya ɗaya, kuma in kuna ƙirga kanku ku ƙirga da Najiba, ku kira ta bikinku da sunanku ko ba za ta zo ba.

Jumai, na gode, Allah Ya saka miki da Aljanna, ki yafe mini nisan da na yi. Umar Faruƙ, Allah Ya yi maka albarka, Ya sanyaya maka zuciya. Zulaiha, Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki ikon abin da na ɗora miki. Najiba, Allah Ya yi miki albarka, Ya shirye ki, Ya jiƙan mahaifinki.

Abdulƙadir, na yafe maka duk abin da ke tsakanina da kai, wanda na sani da wanda ban sani ba. Amma wannan hakkin ba nawa ba ne da zan yafe. Albarkarka ban hana ka ba, na rubuta ta a wata takarda dabam da hannuna, na aika wa Najiba ta ajiye. Na gaya mata kada ta saka a wasiƙa, kada ta ba wa ɗan aike. Tana can sama, a bukkar. Ka hau ka karɓa.

Mahaifinku,
Ilu ɗan Malam Tankari